National Wake: Makaɗan Da Suka Karya Dokar Wariya Tun Daga Cikin Gida

A shekarar 1981 wani faifai ya fito a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Kwafi wajen 700 aka sayar, sai kamfanin da ya buga shi ya janye shi daga kasuwa saboda matsin lambar hukuma. Shekara na zagayowa, ƙungiyar da ta yi faifan ta watse. Da a ce da lissafin ciniki ake auna makaɗa, da tuni an manta da ita. Amma ga shi yau, bayan fiye da shekara 40, ana ta maganarta, an sake buga waƙoƙinta, har fim aka yi a kanta.

Sunan ƙungiyar National Wake. Ginshiƙanta mutum huɗu ne: baƙaƙe biyu 'yan Soweto, wa da ƙani, da kuma farare biyu. A waccan ƙasa, a wancan zamani, wannan haɗin kaɗai ya isa ya jawo wa mutum 'yan sanda. To su ba a dandamali kawai suke haɗuwa ba. Gida ɗaya suka zauna, a unguwar da doka ta ce baƙar fata ba zai kwana ba sai in boyi ne. A cikin wannan gida ƙungiyar ta tsiro, a cikinsa ta yi ƙarfi, kuma ta ƙofarsa aka bi aka gajiyar da ita.

Wane irin kiɗa ne pank?

Tunda ba kowa ne a cikinmu ya san irin wannan kiɗa ba, bari mu ɗan yi shimfiɗa. Pank reshe ne na kiɗan rok, wanda ya taso a tsakiyar shekarun 1970 a biranen New York da Landan. A lokacin kiɗan rok ya riga ya zama na masu hannu da shuni: manyan filaye, kayan kiɗa masu tsada, waƙa ɗaya ta yi minti goma ana ta nuna gwaninta. Yaran talakawa da ba su da aikin yi suka ga babu wurinsu a ciki, sai suka ce su ma bari su yi nasu da abin da ke hannunsu.

Kayan aikin ba su da yawa: jita ɗaya ko biyu, jitar bas mai kaurin murya, ganguna, sai mai waƙa. Waƙar gajera ce, da sauri, da ƙara, maganar cikinta kuma kai tsaye ba kwana-kwana. Ƙungiyar Ramones ta New York, wadda aka kafa a 1974, ta fitar da faifanta na farko a 1976 da waƙoƙi 14, duka-duka ba su cika minti 30 ba. A Landan, Sex Pistols suka fito a 1975, kuma a 1977, shekarar da Sarauniyar Ingila ke bikin cika shekara 25 a kan gado, suka yi waƙar da ta taɓa sarautar, BBC ta ƙi saka ta. A garin Manchester kuwa, ƙungiyar Buzzcocks rance ta ci wajen dangi da abokai ta buga faifanta da kanta a farkon 1977, ba ta jira wani kamfani ba. Wannan shi ne zuciyar abin: kada ka jira a ba ka izini, kada ka jira ka ƙware, fara kawai.

Akwai kuma wani abu da ya shafi labarinmu. A Landan, yaran pank sun shaƙu da 'ya'yan mutanen Jamaika, har kiɗan rege ya shiga cikin nasu. Ƙungiyar The Clash ta ɗauki wata waƙar rege ta Junior Murvin ta maimaita a faifanta na farko a 1977, Bob Marley ma ya yi waƙa a kan wannan zumunci a shekarar. A watan Afrilun 1978 dubban matasa, baƙi da fari, suka yi maci zuwa filin Victoria Park na Landan, inda aka yi babban wasan nuna adawa da wariyar launi. Sai dai a Ingila, in ka yi irin wannan, iyakaci a hana waƙarka a rediyo ko a soke maka wasa. A Afirka ta Kudu maganar ta wuce nan.

Ƙasar da suka taso a ciki

Tun 1948 jam'iyyar National Party ta tsirarun farare take mulkin Afirka ta Kudu, kuma ta bi rayuwar mutane gaɓa-gaɓa ta kafa wa kowace doka. A 1949 aka haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba. A 1950 aka yi dokar da ta yi wa kowane ɗan ƙasa rajista da launinsa, aka kuma yi wadda ta raba unguwanni, kowane launi da inda zai zauna. A 1953 aka raba wuraren jama'a, tun daga kujerar zama a lambu har bakin teku. Baƙar fata kuwa dole ya riƙa yawo da littafin fas a aljihu, kuma ba shi da ikon wuce awa 72 a cikin birni sai da hatimin izini a ciki. Da dare ma akwai dokar hana shi yawo a unguwannin farare.

Johannesburg ta taɓa samun unguwar da mutane ke cuɗanya, wato Sophiatown, matattarar marubuta da makaɗan jaz. Daga 1955 aka fara kwashe mutanenta da motocin 'yan sanda ana kai su Meadowlands a Soweto, aka rushe gidajen, aka gina wa farare sabuwar unguwa a wurin. Manyan mawaƙa irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela suka ƙare a gudun hijira. A 1965 kuma aka ƙara ɗaure dokar raba unguwanni ta yadda ba za a haɗa launi a wurin wasa ba sai da takardar izini ta musamman.

Sai ranar 16 ga Yuni, 1976. Gwamnati ta tilasta a riƙa koyar da wasu darussa, har da lissafi, da harshen Afrikaans a makarantun baƙaƙe, harshen da yawancin malaman ma ba su iya sosai ba, balle ɗalibai. Dubban 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Soweto, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hoton Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da aka ɗauko cikin jini, ya zagaye duniya. Tarzomar ta bazu ƙasar, ɗaruruwan mutane suka mutu. A watan Satumban 1977 Steve Biko ya rasu a hannun 'yan sanda. Ko a nan yammacin Afirka abin ya taɓa mutane, don a wannan tsakanin ne Sonny Okosun na Najeriya ya yi shahararriyar waƙarsa a kan Soweto.

Su ma samarin farare ba a bar su haka ba. Aikin soja dole ne a kansu, a ƙarshen shekarun 1970 ma aka mai da shi shekara biyu, ana tura su yaƙi iyakar Namibiya da Angola. A 1975 sojojin Afirka ta Kudu sun kutsa can cikin Angola, jaridun duniya suna ba da labari, amma a gida an hana jaridu faɗa. Iyaye ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Ka riƙe wannan, zai dawo a cikin labarin.

Gidan Parktown

Ivan Kadey ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine a Johannesburg, Bayahude, maraya, ɗan unguwar Yeoville wadda aka sani da tara baƙin haure. Yana zaune a wani tsohon gida a Parktown tare da wasu matasa da suka haɗa kuɗi suka kama haya. Parktown a da unguwar attajiran haƙar zinariya ce, mai manya-manyan gidaje a kan tudu, kusa da jami'ar Wits. A shekarun 1970 attajiran sun riga sun ƙaura, ana rushe wasu gidajen ana gina ofisoshi, waɗanda suka rage kuma ɗalibai da masu zane ke haya. Gida mai ɗakuna da yawa, ga fili, ga katanga: wurin da za a iya buga ganga ba tare da maƙwabci ya leƙo kowane minti ba.

A nan aka fara taruwa ana kiɗa, ba da niyyar kafa wata ƙungiya ba. Cikin masu zuwa akwai Mike Lebesi, makaɗin ƙananan ganguna, sannan ga 'yan'uwa biyu daga Soweto, Gary Khoza da Punka Khoza. Gary ya riƙe jitar bas, Punka ya zauna a kan ganguna, Kadey yana jita yana waƙa. A 1978, shekara biyu bayan harbin 'yan makarantar Soweto, taron ya zama ƙungiya mai suna. Sunan kuwa a Turanci yana da fuska biyu: yana iya nufin farkawar ƙasa, yana iya nufin zaman makokin ƙasa. Kowace ka ɗauka ta dace da lokacin.

Nan akwai abin lura. Ƙa'idar pank ita ce ko ba ka iya ba, fara. To 'yan gidan Khoza sun iya. Gary tun yana yaro yake kiɗa a ƙungiyoyin Soweto masu bin salon baƙaƙen Amurka irin na James Brown, ya san dandamali tun kafin ya haɗu da Kadey. Saboda haka kiɗan National Wake bai fito irin na yaran Landan sak ba. Sama akwai ƙarar jita da zafin magana na pank, ƙasa kuma akwai bas da ganga masu sa mutum ya motsa ƙafa, da rege, da kiɗan unguwannin baƙaƙe. Daga baya Steve Moni ya shigo da jitarsa. Shi daga Cape Town ya zo, inda ya yi kiɗa da wata ƙungiya mai suna Safari Suits. Da shi aka cika huɗun da aka fi sani.

Yanzu mai karatu ya tambayi kansa: ta yaya mutum huɗu za su zama ƙungiyar kiɗa? Ai sai sun yi ta bita tare, yau da gobe, har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. To a ina? Soweto tana da nisan wajen kilomita 20 daga tsakiyar birni, kuma farar fata ba ya shiga sai da izini. Baƙar fata kuma in dare ya yi masa a Parktown, ya shiga hannun doka. In an tashi wasa ƙarfe ɗayan dare, ina mai ganga zai kwana? Babu wata hanya sai ɗaya: kowa ya tare a gida ɗaya. Haka aka yi. A unguwar da ba a yarda baƙar fata ya kwana ba sai a ɗakin boyi na bayan gida, da takardar maigida a hannu, 'yan gidan Khoza suka shiga cikin gidan suka zauna a matsayin abokan zama.

Ka ga ke nan, tun kafin su buɗe baki su yi waƙa ɗaya a kan gwamnati, sun riga sun taka doka. Kuma takawar ba ta rana ɗaya ba ce. Mai zanga-zanga yakan fita ya dawo gida ya huta. Su gidan ne laifin, kullum safiya a cikinsa suke farkawa.

Daga ɗaki zuwa dandamali

A daidai wannan lokaci pank ya fara tsiro a wasu biranen ƙasar. A Durban akwai Wild Youth, a Cape Town akwai Safari Suits da wasu. Kusan dukkansu yaran farare ne, masu sauraronsu ma haka. A 1979 aka shirya yawon wasanni mai suna Riot Rock wanda ya haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi, National Wake na ciki. Tsakanin Johannesburg da Cape Town tafiyar wajen kilomita 1,400 ce. Ka ƙiyasta wannan tafiya a mota ɗaya da baƙi da fari, a ƙasar da wurin cin abinci, da masauki, da ban-ɗaki duk a rabe suke. Sauran ƙungiyoyin damuwarsu kuɗin mai da kayan sauti. Su kuwa ga wannan, ga maganar takardar izinin hawa dandamali tare, wadda hukuma ke iya hanawa ba tare da ta ba da dalili ba.

Duk da haka suka ci gaba. A Johannesburg sun samu wuraren wasa, musamman a wajen titin Rockey na Yeoville, inda dokar wariya ta fara sassautowa a aikace ko da ba ta sassauto a takarda ba. Sun kuma kai kiɗansu unguwannin baƙaƙe, abin da sauran 'yan pank ba su da hanyar yi. Wannan ita ce ribar haɗin nasu. Ɗalibin jami'a farar fata yana jin ƙarar jita ya gane nasa, ɗan Soweto yana jin bas da ganga ya gane nasa. Mutanen da gwamnati ta kashe shekara 30 tana gaya musu cewa ba abin da ya haɗa su, sai ga su suna rawa da kiɗa ɗaya.

Ba su kaɗai ne suka gwada wannan hanya ba. A shekarar 1979 ɗin nan Johnny Clegg da Sipho Mchunu suka fitar da faifan farko na ƙungiyarsu Juluka, mai haɗa kiɗan Zulu da na Turawa, su ma sun sha hanawa da korar 'yan sanda. Bambancin shi ne Juluka takan lulluɓe maganarta da zaurance da labarin ma'aikatan ci-rani. National Wake kuwa, bisa al'adar pank, sukan kira abu da sunansa. Waƙarsu da aka fi sani, International News, a kan toshe bakin jaridu take da kuma yaƙin Angola, wato a kan cewa ɗan ƙasa sai ya ji labarin ƙasarsa daga waje. A ƙasar da ake kai samari yaƙin da ba a yarda ana yin sa ba, wannan magana ba ƙarama ba ce.

A watan Afrilun 1980 maƙwabciyarsu Zimbabuwe ta samu 'yanci, Bob Marley ya je ya yi wasa a bikin. Ga matasa irinsu, wannan ya sa ana ganin kamar saura ƙiris Afirka ta Kudu ma ta bi sahu. Gwamnati ita ma ta ga haka, shi ya sa ta ƙara ɗaure ɗamara.

Rediyo da faifai

Ƙungiyar kiɗa tana girma da ƙafa biyu: wasan da take yi a gaban jama'a, da waƙar da ake ji a rediyo. Ta farkon ta samu, ko da da ƙyar. Ta biyun kuwa a hannun gwamnati take. Hukumar watsa labarai ta SABC ce ke riƙe da kusan duk tashoshin ƙasar, talabijin ma sai a 1976 aka yarda ta fara aiki. An raba rediyon baƙaƙe gida-gida bisa harshe, na Zulu daban, na Sotho daban, na Xhosa daban, don kowa ya tsaya a kan ƙabilarsa. Akwai kwamitin da ke duba kalmomin waƙa kafin a saka ta. Waƙar da aka hana, sai a sa abu mai tsini a karce ta a jikin faifan, yadda ko mai gabatar da shiri ya so sakawa ba za ta saku ba. Ko waƙar waje ba ta tsira ba: a 1980 an haramta wata waƙar Pink Floyd ta Ingila saboda 'yan makaranta masu ƙaurace wa aji sun mai da ita takensu.

To a wace tasha za a saka National Wake? Ta farare ko ta baƙaƙe? Tsarin ma gaba ɗaya ba shi da aljihun da zai saka su.

Duk da haka reshen kamfanin WEA na Afirka ta Kudu ya ɗauke su, kuma a 1981 faifansu ya fito, mai ɗauke da sunan ƙungiyar. Ga yaran da suka fara daga ɗakin haya shekara uku da suka wuce, wannan babban mataki ne, don WEA kamfani ne mai rassa a duniya. Faifan ya kai Ingila, har John Peel na BBC, wanda ya yi suna wajen fito da sababbin ƙungiyoyi, ya saka shi a shirinsa. Amma a gida hukuma ta nuna ba ta son abin da ke ciki. Kamfani kuma kasuwa yake nema, ba rigima da gwamnati ba. Bayan an sayar da kwafi wajen 700, aka janye faifan.

Yadda ake kashe ƙungiya ba tare da kotu ba

Mutane da yawa in sun ji an ce gwamnati ta murƙushe mawaƙi, sai su zaci kama shi aka yi aka ɗaure. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Misalin Roger Lucey ya isa. Mawaƙi ne farar fata na wannan zamani mai waƙoƙin adawa da wariya. Bayan mulkin ya faɗi, wani tsohon jami'in 'yan sandan ciki mai suna Paul Erasmus ya fito ya faɗa da bakinsa yadda aka ba shi aikin kashe sana'ar Lucey: a tsorata masu gidajen wasa, a kwashe faifansa daga shaguna, har hayaƙi mai sa hawaye aka zuba a wurin da yake wasa. Shi mawaƙin sai dai ya ga ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, bai san hannun da ke rufe su ba.

Su National Wake ba a ma sha wahalar neman su ba, tunda an san inda suke kwana. Kadey ya sha ba da labari a hirarraki cewa 'yan sanda sun mai da gidan Parktown wurin zuwansu, su shigo, su duba, su fita, su sake dawowa. Kuma nauyin wannan ba ɗaya ba ne a kan kowa. In aka shigo, farar fata a gidansa yake, baƙar fata kuma littafin fas za a tambaye shi, in babu hatimin da ya dace sai bayan mota. Abokai ne, kwano ɗaya suke ci, amma doka ta sa haɗarin da ɗaya ke kwana da shi ya ninka na ɗayan. Irin wannan yana cin zumunci a hankali, ko da babu wanda ya yi wa wani laifi.

Sai ka haɗa da rashin kuɗi. Babu rediyo, babu ciniki. Babu ciniki, kamfani ya ja baya. Masu gidajen wasa suna tsoron rasa lasisinsu. Fita waje ma ba sauƙi: fasfo a hannun gwamnati yake, sannan a 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran a ƙaurace wa Afirka ta Kudu ta fuskar al'adu, matakin da aka ɗauka don a matsa wa masu mulki, amma ya sa duk wani makaɗi daga ƙasar sai ya yi dogon bayani kafin a saurare shi. Hausawa na cewa yau da gobe ba ta bar komai ba. A 1982 National Wake ta watse, shekara huɗu da kafuwarta.

Bayan shekara talatin

Kowa ya kama gabansa. Kadey ya bar ƙasar, ya zauna a Los Angeles ta Amurka. Abin da ya yi wanda ya ceci tarihin ƙungiyar shi ne adana kaset-kaset ɗin da aka naɗi waƙoƙinsu, har da waɗanda ba su taɓa fita ba. Shekaru suka shuɗe ba mai tambaya.

A 2012 fim ɗin Punk in Africa, na Keith Jones da Deon Maas, ya bi tarihin wannan kiɗa a kudancin Afirka, kuma labarin National Wake na cikin abin da ya fi jan hankalin masu kallo. A 2013 kamfanin Light in the Attic na Amurka ya tattara waƙoƙinsu ya fitar da sunan Walk in Africa 1979-81. Jaridun Turai da Amurka suka yi ta rubutu a kansu. A 2022 Mirissa Neff ta fitar da fim sukutum a kan ƙungiyar, This Is National Wake, wanda ya yi amfani da tsofaffin hotunan da aka ɗauka a lokacin da abin ke faruwa. A nan mutum zai ga gidan, ya ga samarin suna wasa da dariya kamar ba a ƙasar da suke ba.

Sai dai Gary da Punka Khoza ba su ga wannan ba. Dukkansu sun rasu kafin a sake buga waƙoƙin. Waɗanda suka fi ɗaukar haɗarin su ne ba su ji yabon ba, kuma yawancin abin da duniya ta sani game da ƙungiyar daga bakin waɗanda suka rage aka ji shi. Duk mai karanta tarihinsu ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Ko mutum yana sha'awar irin wannan kiɗa ko ba ya yi, akwai abin dubawa a labarin. Mulkin wariya yana da sojoji da kurkuku, amma abin da ya riƙe shi shekara da shekaru shi ne ƙananan abubuwa na kullum: wa zai zauna kusa da wa, wa zai shiga ta ƙofar gaba, wa zai kwana a ina. Muddin mutane suna bin waɗannan, ana iya ci gaba da gaya musu cewa zama tare ba zai yiwu ba, su kuma yarda, tunda ba su taɓa gani ba. Samari huɗu da abokansu sun nuna a aikace cewa yana yiwuwa, na tsawon shekara huɗu, a wani tsohon gida a Parktown, kuma duk wanda ya je wasansu ya gani da idonsa.

An soke dokar fas a 1986, shekara huɗu bayan watsewarsu. An saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Dokar raba unguwanni kuwa sai a 1991 aka soke ta. Wato zaman da Kadey da 'yan gidan Khoza suka fara a 1978, sai bayan shekara 13 doka ta yarda da shi.